Taraktar da Ta Yi Ƙanshin Suya

Akwai abubuwan da mutum kan tsufa ya mance, har a tuna masa ya ce bai san an yi ba. Wannan da zan ba ku labari ba ya cikinsu. In dai Allah Ya bar ni da hankalina, ba zan manta da abin da ya gudana tsakanina da wata tsohuwar tarakta ba, a shekarar da sojoji suka sauya launin takardun kuɗi, aka rufe iyakoki, mutane suka yi ta dafifi a ƙofar banki a Yelwa da tsofaffin kuɗinsu ƙulle a haɓar zane. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a ko fara zancen Kebbi ba.

Ƙauyenmu yana bakin tafki ne a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. Iyayenmu masunta ne da ruwan dam ya tashe su daga tsohon mazauninsu, mu kuma muka taso ƙafa ɗaya a jirgi, ɗaya a gona. Ni karatun allo na yi, ajami nake rubutawa, boko kuwa ko sunana ban iya ba a lokacin. Abin da ya bambanta ni da sauran tsarana shi ne na taɓa yin yaron mota a hanyar Kwantagora, na san sifana, na san jak, kuma ina ganin na san fiye da haka.

Kafin in kai ga taraktar, sai na gaya muku abin da ke wuyana. Daminar da ta gabaci wannan, shawara ta kwantar da ni daidai lokacin huɗa. Ina da taubashi, ɗan ƙanen Inna, wanda tun muna yara ba ya kirana da komai sai "ɗan mace", ni kuma in ce masa "ɗan Kawu". Da ya ga na kwanta, sai ya kora shanun huɗarsa ya fara da gonata kafin tasa. Tasa kuwa fadama ce can ƙasa, gab da ruwa, inda ake shuka shinkafa da wuri don ta yi tsawo kafin tafki ya hauro. Ya makara. Ruwa ya zo ya tarar da shinkafar ba ta wuce gwiwa ba, ya shanye ta tas. Shekarar nan da kifi da rogo gidansa suka ƙarasa ta, ni kuwa rumbuna cike. Na aika masa da hatsi, ya karɓi kaɗan ya maido saura. Bai taɓa yi mini gori ba sai cikin wasa, kuma wasan ya fi gori zafi.

To da rani sai mutanen ƙauye suka haɗa hannu aka sayo tsohuwar tarakta ja a wurin wani attajiri, aka damƙa mini tuƙinta. Ranar da ta iso, bayan sallar La'asar, na tsaya a ƙofar masallaci gaban jama'a na ce fadamar ɗan Kawu ce farkon abin da garmarta za ta taɓa bana, kafin gonar kowa, har tawa. Kowa ya ce daidai ne. Shi kuma, saboda ya yarda da ni, sai ya tura shanunsa wurin surukinsa a Shanga, aron damina guda. Ya dube ni ya ce, "Ɗan mace, ka ga dai na zama ba saniya. In baƙin ƙarfen nan naka ya ƙi, kai zan ɗaura wa garma."

Aka yi dariya, har da ni. Da na san abin da ke gaba, da na rage tawa.

Taraktar ta yi mana jigilar itace da busasshen kifi duk rani. Ana dab da damina sai kulocinta ya fara ƙugi, ya zo ya daina kamawa gaba ɗaya. Kuloci, ga wanda bai sani ba, wani faifai ne a tsakiyar mota da ke haɗa ƙarfin inji da tayu. In ka taka ya saki, in ka ɗaga ƙafa ya kama. Namu ya cinye har ƙusoshinsa sun fito. Na bi shagunan Yelwa, da ƙyar na samo sabon faifai guda ɗaya tak a ƙasan kantar wani mai kayan gyara, wanda ya rantse mini ba za a ga wani ba sai an buɗe iyaka. Bakanike kuwa babu mai tasowa zuwa ƙauye a wannan hargitsin. Na ce ba komai, mu ma hannu gare mu.

Gyaran kulocin tarakta ba kamar na ƙaramar mota ba ne. Sai an raba ta gida biyu, gaba daban, baya daban. Muka kai ta gindin wata ɗorawa da ke ƙofar gidan Kawu, muka rataya sarƙa a reshe ta riƙe injin, muka tokare bayan da kututture da tsohon turmin Inna, wanda ta ba mu aro bisa sharaɗin in ya tsage mu sassaƙa mata sabo. Duk notin da na kwance sai in rubuta masa wurinsa da ajami a guntun takardar siminti in ƙulle shi ciki: na sama, na ƙasa, na dama, na hagu. Ɗan Kawu ya ce layu nake yi wa mota. Na ce in ban da layun nan, da shi kansa ba a san inda za a mayar da shi ba.

Mun raba ta ke nan aka aiko cewa wani malamina ya rasu a Birnin Yauri, Allah Ya jiƙansa. Dole na tafi, na yi 'yan kwanaki. Na bar taraktar a buɗe gindin ɗorawa, na rufa mata tabarma, sabon faifan kuma na ajiye shi a zauren Kawu, cikin kayansa na kamun kifi, na ce nan ya fi ko'ina tsaro.

Da na dawo muka ɗaura. Na lura faifan yana ɗan sheƙi, amma na ce ai haka sabon kaya yake, daga masana'anta ya zo da kyansa. Hannuwanmu kuma baƙi ƙirin da mai, ba mai iya cewa ga santsin wannan ga na wancan. Don faifan ya zauna tsakiya, na fiƙe wata tsohuwar muciya na zura ta ramin, muka ɗaure notina, muka turo gaba ya haɗu da baya. Na yi bisimilla na tayar. Giya ta shiga lafiya lau. Na zaga ƙauye da ita, mata suna leƙe ta kan darni, ni kuwa ina zaune sama kamar wanda ya ƙera ta.

Washegari da hantsi na ɗaura garma muka gangara fadama. Na sauke garma, ƙasa ta fara juyawa baƙa mai kyau, ɗan Kawu yana biye yana ɗibar ta yana murzawa a hannu. Na kai ƙarshe na juyo, na sake kaiwa. Ina cikin dawowa sai na ji inji ya ɗaga murya, tafiya kuwa ta ragu. Na ƙara totur. Inji ya yi ta ruri kamar zai tashi sama, tarakta ta tsaya cik, tayu ko motsi. Wani farin hayaƙi ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin ƙafafuna.

Ɗan Kawu ya matso ya riƙe ƙugu. "Hutawa take yi, ko addu'a ka tsaya?"

"Kuloci ne yake zamewa," na ce.

"Wanda muka sa jiya?"

"Shi."

Ya shaƙi iska ya waiga wajen gari. "Ni kuma yunwa ce ta kama ni. Wa ke tuyar ƙosai da hantsin nan?"

Ni ma na ji ƙanshin, amma na ɗauka daga gari iska ta kawo. Yanzu in na tuna sai in yi ta mamaki. Allah Ya nuna mana amsar tun ranar farko, ta hanci, muka tsallake ta muka tafi neman ta da sifana.

Na fara da abin da na sani. Akwai wata sanda da ta taso daga matakin kuloci, mai noti a jiki. In ta yi tsauri da yawa, faifai ba ya kamawa sosai. Na sassauta ta. Kafin in gama mota ta huce, na tayar, ta ja garma kamar ba ita ba. Na dubi ɗan Kawu na ce ya ga aikin masu ilimi. Ban rufe baki ba ta sake tsayawa. Na ƙara sassautawa, na ɗaure, na mayar inda take tun farko. Duk ɗaya. In ta huce ta ja, in ta yi zafi ta saki. Haka muka wuni, abin da muka huɗe bai fi shimfiɗar masallaci ba.

Da yamma kowa ya zama bakanike. Wani ya ce garmar ce ta yi nauyi. Wani ya ce gas ɗin ne aka haɗa da kananzir. Wani dattijo ya ce fadamar nan tun da ba ta son ƙarfe, akwai masu wurin. Na ce masa masu wurin sun bar ta ta yi tafiya da sanyi, sai da zafi suke hana ta? Ya ce su ma da lokacinsu. Abin da ya fi damuna shi ne zancen wani direban jirgi, da ya ce ƙila mun sa faifan a juye, gaba ya koma baya. Wannan kam ya shige ni, domin fuskar faifan ita ce abu ɗaya da ban yi wa laya ba.

Ɗan Kawu ya koma gefe. Wasan ma ya ragu. Na gan shi yana duban gabas, inda hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Ƙasar fadama laka ce. Ruwan farko ba ya yi mata komai, shanye shi take yi. Amma in na biyu da na uku suka sauka, ko mutum sai ya nutse zuwa ƙwauri, balle tarakta. Shanu suna Shanga, an riga an sa su aiki, kuma ba a zuwa gidan suruki a ce a maido aro. In wannan damina ta wuce shi, shekara biyu ke nan a jere, duka a dalilina.

Da safe muka hau jirginsa mai inji zuwa Yelwa. Akwai wani bakanike da na sani tun ina yaron mota. Muka same shi ba a gareji ba, a layin banki, ya ɗora kwali a ka saboda rana. Ya ce ba zai bar layin ba ko taraktar gwamna ce ta lalace, amma mu faɗa yana ji.

"Giya tana shiga?"

"Tana shiga."

"Ba ƙara, ba gurzawa?"

"Babu."

"To ba ku juya faifai ba. Da kun juya shi, da giya ba ta shiga muku ba sam. Da sanyi tana ja?"

"Tana ja. Sai ta yi zafi."

"Mai ne," ya ce, ya matsa gaba taki ɗaya da layi, muka bi shi. "Mai ya taɓa faifan. Duk ƙarfen mota yana son mai, ban da birki da kuloci. Su aikinsu kamawa ne. Akwai sil, wata roba da ke tare baƙin mai a bayan inji, akwai wata a gaban giya. Ɗaya ta fashe, tana yi masa yayyafi."

"Ana samun ta?" in ji ɗan Kawu.

Ya yi 'yar dariya. "A bana? Sai dai ka haifa."

Ya ce mu koma mu duba ma'aunin mai, na inji da na giya, mu ga wanne ke raguwa. Kuma akwai wani ɗan rami a ƙarƙashin gidan kuloci, mu tara wani abu mu ga kalar abin da ke ɗiga. In baƙi ne na inji ne, in ja-ja ne na giya.

Muka kamo hanyar dawowa a jirgi. Can ɗan Kawu ya ce, "Ɗan mace, wuyanka zai ɗauki karkiya kuwa?" Na ce zai ɗauka. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Muka duba ma'auni. Na inji cike, na giya cike, ko ɗigo bai ragu ba. Abin ya ƙara ɗaure mini kai. Na tayar da ita na sa ta ja garma har ta yi zafi ta saki, na lallaɓa da ita zuwa gindin ɗorawa, na ari murfin kwanon Inna na tara a ƙarƙashin ramin. A daren nan ruwan farko ya sauka.

Gari ya waye da sanyi da ƙanshin ƙasa. Bayan na idar da wuridi na fita na jawo murfin. Abin da na gani ba baƙi ba ne, ba ja ba ne. Wani abu ne fari-fari da ya daskare ya yi tudu, tururuwa sun yi masa zobe suna ta hidima. Ɗan Kawu ya iso ya tsuguna kusa da ni.

"Baƙi na inji, ja na giya," ya ce. "Fari fa na wa?"

"Bai faɗa ba."

"Tururuwa suna shan baƙin mai?"

"Ban taɓa gani ba."

Muna nan tsugune sai ga Inna ta zo karɓar murfinta, domin Inna ba ta barin kayanta su kwana biyu a waje. Ta karɓa, ta kai hanci, ta lakata da yatsa ta murza a bayan hannu. Sai ta dube ni, ta dubi ɗan ƙanenta.

"Ashe ku ne. Ina ta zagin ɓeraye, ina cewa wanga ɓera mai hankali da ke buɗe ƙwarya ya rufe. Mi motarku ka yi da man kaɗe na?"

Na ce, "Inna, wallahi ban taɓa ƙwaryarki ba."

"To wa anka bari da motar sa'adda ka tahi ta'aziyya?"

Dukanmu muka juya wajen zauren Kawu.

Kawu tsohon masunci ne na gaske, irin waɗanda suka yi su a Kuwara tun tana gudu, kafin a tare ta. Yana da ɗabi'a guda da kowa ya sani, amma ba wanda ya kawo ta a rai. Ba ya iya ganin ƙarfe tsirara. Iskar bakin ruwa tana cin ƙarfe, don haka ƙugiyoyinsa, da zagonsa na sukar kifi, da wuƙaƙensa, har makullin ƙofa, duk sai ya shafe su da man kaɗe ya shanya a rana su sha. Muka same shi zaune kan buzu yana ɗinkin komar kamun kifi. Muka durƙusa muka gaishe shi, aka yi barka da ruwa, aka tambayi kwanan iyali. Na rasa ta inda zan fara. Da ƙyar na ce, "Kawu, faifan nan da na bari a nan, ko wani ya taɓa shi?"

Fuskarsa ta washe. "Sai yau ka lura? Ina ta jira ka yi godiya, na ce yaran zamani sai a hankali. Ni na gyara maka shi. Kun bar abu sabo cikin raɓa, ko tausayi babu. Kullum da safe sai na shafe shi ciki da waje, in kai shi rana ya sha, in ƙara. Ya sha mai kam, ban yi masa rowa ba."

"Kawu, har cikin motar?"

"Har can. Wancan babban faifan na jikin inji ya fara jan tsatsa, na goge shi na shafe. Sa'annan na cusa curi guda can sama ta ciki, inda ba ku gani, don in na farko ya ƙare ta samu na tanadi."

Ɗan Kawu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko dariya yake ko kuka ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Ni dai ba ni da bakin gaya wa kawuna ya yi ɓarna. Allah Ya taimake ni Inna ta biyo mu, kuma ita ce babba.

"Kai, auta," ta ce daga bakin ƙofa, "ka sace mini mai, ka kashe wa yara mota, kana jiran godiya?"

"Yaya, wane irin kashewa? Dubi zagon nan. Tun kafin dam nike da shi, kin ga tsatsa?"

"Zago shiga yake yi. Wanga kamawa aka son ya yi. Ka taɓa shafa wa hannunka mai sa'adda za ka kama tarwaɗa?"

Kawu ya dubi zagon. Ya ajiye komar. Ya dubi ɗansa ya ce, "Fadamarka ce ta tsaya?" Ɗan ya ce ita ce. Tsohon ya ce, "Ai da an gaya mini." Maganarsa kuma gaskiya ce. Na kwashe kwanaki ina aiki a ƙofar gidansa, yana zaune yana kallo, ban taɓa juyowa na ce Kawu ga abin da wannan ke yi ba.

Labarin yana da daɗinsa: sil ba ta fashe ba. Yana kuma da ɗacinsa: faifan ya ƙoshi da mai, kuma babu wani. Muka sake rataya sarƙa, turmin Inna ya koma bakin aiki, muka raba tarakta karo na biyu. Wannan karon hannu ya saba. Muka kwashe ragowar curin Kawu, muka wanke ƙarafan da fetur ɗin jirgi har suka daina santsi. Faifan kansa muka jiƙa shi a fetur, ya bushe, ka matsa da yatsa mai ya sake tsatsowa. Inna ta ce mu ba ta. Ta ce duk abin da maiƙo ya kama, toka da ruwan zafi ne maganinsa, ba ta ga dalilin da na mota zai fi na tukunya taurin kai ba. Ta dafa shi a ruwan toka, mai ya taso sama ta yaɗe, ta sake ruwa ta kuma dafawa. Maƙwabta suna wucewa suna tambaya ko miyar ƙarfe ake yi a gidanmu. Daga nan muka binne shi a toka mai ɗumi ya wuni, muka kankare fuskarsa da yashi. Kawu shi ya riƙa hura wutar, bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

Kafin mu haɗa, ruwa na biyu ya sauka, amma bai yi yawa ba. Muka gangara fadama ƙasa tana ɗan danshi. Na fara daga can ƙasa, wajen da ruwa ke fara ci. Kulocin ya kama, sai dai da karkarwa, kamar tsoho zai miƙe. Na rage zurfin garma, na bi ta a hankali, in na ji ta fara zafi in kashe mu zauna ta huce. Ƙanshin suya bai rabu da ita ba. Ɗan Kawu ya ce in ta gama a ba shi romon.

Na ce, "Ka tambayi tsohonka, shi ne mai girkin."

"Uwarka ta dafa."

"Ta dafa abin da ubanka ya sata."

Wasan ya dawo, na san ransa ya fara kwanciya.

Mun ci mafi yawan fadamar a haka. Saura gefen sama, sai faifan ya ce iyakarsa ke nan. Ya saki, kuma ko ya huce ba ya kamawa. Muka ja taraktar da igiya, mu da mutanen gari, muka fitar da ita kafin laka ta riƙe ta. Ɗan Kawu ya ce abin da aka samu ya isa, in je in nemi yadda zan yi da tawa gonar, tunda ita ma ba a taɓa ta ba. Na ce ba haka na faɗa a ƙofar masallaci ba. Ban ce rabi ba, ban ce mafi yawa ba.

Da asuba na saɓi galma, wato garmar hannu, na koma. Shi yana bin inda aka huɗe yana yafa iri, ni ina gefen sama ina sara. Hannun da ya saba da sitiyari ya yi kanta ya fashe. Kwanaki na yi a haka, ruwa yana dukana, tawa gonar tana can ciyawa tana cin kasuwa. Bana kam ni na makara, kuma dawar da na samu a shekarar ba ta kai rabin ta bara ba. Ban ji zafin haka ba ko kaɗan. Tasa shinkafar kuwa ruwa ya zo ya tarar da ita ta kai ƙirji, ya shiga ƙarƙashinta ya zauna.

Abin da na koya, na riƙe shi har yau da furfurata. Alheri ma yana bukatar tambaya. Kawu bai yi nufin komai ba sai kirki, da man da ya fi ƙauna, amma abin da ya raya zagonsa shi ya kashe kulocina. Tun daga lokacin, in zan taimaki mutum nakan fara tambayarsa me abin nasa ke so. In kuma ina aiki kusa da dattijo, nakan gaya masa abin da nake yi, ko bai tambaya ba.

Ranar da na sare kunyar ƙarshe, na miƙe ina dafe da baya, sai na ga ɗan Kawu tsaye a kaina. Ya bi fadamar da kallo daga bakin ruwa har inda nake. Ya miƙo hannu ya karɓi galmar, ya saɓa a kafaɗarsa.

"Na ce zan ɗaura maka garma, ka ɗaura wa kanka," ya ce. "Shi ke nan, ɗan mace. Ba na binka komai."

Na ce alhamdu lillahi. Muka hauro tare, yana gaba da galma, ina baya ina hura tafin hannuna.